Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tallafin Taki da Manomin Yolde Kohi

Akwai kalmomin da yawan shiga hannu ya goge su kamar tsohon kwabo, har mutum ya duba bai ga rubutun da ke jikinsu ba. Kalmar "tallafi" tana cikinsu. A Hausar iyayenmu, in an ce an tallafi abu, to, an sa hannu ne a ƙarƙashinsa don kada ya kai ƙasa. In kuwa aka ce wance ta ɗauki yaro tallafi, ta ɗauke shi ke nan da cinsa da shansa da suturarsa har ya kawo ƙarfi. A Hausar gwamnati kuwa, tallafi shi ne a kafa rumfa a fili, a jera kujeru, a girke tirela biyu ko uku shaƙe da buhunan taki, a kirawo 'yan jarida, a miƙa wa wani dattijo buhu guda a ɗauki hoto, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Mu da aka ɗauka aiki don bin diddigin kalma da ma'anarta, bai kamata mu ga ana yi wa kalma irin wannan fashi da rana tsaka mu yi shiru ba, balle ga shi ba kalmar kaɗai ake yi wa fashin ba.

Bari mu ɗauki Yolde Kohi, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, mu auna maganar a kanta. Ba don ta fi sauran mazaɓu shan wuya muka zaɓe ta ba, sai don kusancinta. Ƙaramar hukumarsu ɗaya da fadar Lamiɗo, ga Gidan Gwamnati da ma'aikatar gona a Jimeta, ga hedkwatar Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama a nan Yola. Duk uzurin da za a kawo na nisa ko rashin hanya game da Madagali ko Toungo, ba ya aiki a nan. Sunan wurin ma yana da abin faɗi. A Fillanci "yolde" na nufin tudu, daga wannan kalma kuma sunan Yola ya samo asali tun da Modibbo Adama ya kafa garin a 1841. Kowane manomi ya san halin ƙasar tudu: ba kamar fadama take ba, wadda kogi ke yi wa sabon shimfiɗi duk shekara. In an nome ta shekara da shekaru ba hutu, sai ta gaji, wuta-wuta ta mamaye dawa da masara, amfani ya riƙa ja da baya. A da akan bar gona ta huta, ko a yi yarjejeniya da makiyayi ya kwantar da shanunsa a cikinta da rani. Yau jama'a sun yi yawa, gari yana cin gonaki ta kowace fuska, amana tsakanin manomi da makiyayi kuwa ta yi rauni. Saboda haka takin zamani ya tashi daga abin marmari ya koma abin da rumbu ya dogara a kansa.

Kafin mu shiga lissafi, akwai wani tunani da ya kamata a tumɓuke tun daga saiwarsa, wato ɗaukar tallafi a matsayin sadaka. Manomin Arewa ba almajirin gwamnati ba ne, mai bin ta bashi ne. Tun zamanin Turawa har zuwa 1986 da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, doka ce ta tilasta wa mai gyaɗa da mai auduga su sayar wa hukuma a kan farashin da ita ta yanka, ita kuma ta kai kasuwar duniya ta sayar da tsada, ta riƙe rarar. Da wannan rara, haɗe da haraji da jangali, aka yi hanyoyi da makarantu da ofisoshin da 'yan boko suka gada. Dalar gyaɗar Kano da ake nuna wa yara a hoto ba daga sama ta faɗo ba, gumin talaka ne aka jera buhu bisa buhu. In yau an ɗebi wani abu daga kuɗin man fetur an rage wa jikan wancan manomi tsadar taki, biyan bashi ne, kuma ba a ko kama hanyar biyan rabinsa ba. Wanda ake biya bashi kuwa ba ya durƙusawa ya yi godiya a gaban kyamara.

A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gongola, gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, ta kuma mayar da saye da rabon taki hannun gwamnatin tarayya. Shugaba Shagari ya zo da nasa juyin juya halin noma a 1980. A waɗannan shekaru akwai lokutan da gwamnati ke ɗauke fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin buhu. Da rahusa ta kai haka, sai takardar izinin ɗaukar taki ta zama kuɗi a karan kanta. Wanda ya san wani a ofis ya karɓi takarda ya sayar wa ɗan kasuwa tun bai ga ƙeyar buhun ba, ɗan kasuwa ya ɗauka ya kai kasuwa, ko ya bi da shi ta kan iyaka zuwa Kamaru da Nijar da Chadi. A nan aka haifi manomin biro, wanda bai san bambancin kamfa da sufa ba, bai taɓa yin kanta a tafin hannu ba, amma sunansa ne a saman kowane jeri. A 1997 gwamnatin Janar Abacha ta janye tallafin ɗungurungum, amfani da taki a ƙasar nan ya faɗi warwas, har sai da aka dawo da rangwamen kashi 25 cikin 100 a 1999. Aka koma gidan jiya.

Ba mu ne muka ce an koma gidan jiya ba, gwamnati ce ta faɗa da bakinta. Dakta Akinwumi Adesina, ministan gona a zamanin Shugaba Jonathan, ya sha nanata cewa kashi 11 cikin 100 kacal na manoma ne takin gwamnati ke isa gare su. Mai karatu ya tsaya ya juya wannan adadi a ransa. In an tara manoma 100 a gindin tsamiya, 11 ne za su ɗaga hannu, sauran 89 kuwa sunansu ne kawai ya yi aiki. A 2012 ministan ya fito da tsarin da za a yi wa manomi rajista, a aiko masa da saƙo ta wayar hannu, ya je wurin dillalin da aka amince da shi ya biya rabin kuɗin buhu 2, gwamnatin tarayya da ta jiha su biya sauran rabin. Gaskiya ɗaya ce, wannan tsari ya fi na baya, domin ya cire gwamnati daga saye da dakon taki, kuma manoma da dama sun ga buhu da idonsu a karo na farko. To amma an gina shi a kan zaton cewa kowane manomi yana da waya, wayar tana da caji, ƙauyensu akwai sabis, kuma yana karanta Turanci. Matar da ke noman gyaɗa da wake a bayan gida, wadda wayar gidan ke aljihun maigida, ba ta cikin wannan zato. Daga baya gwamnati ta tara wa dillalan bashin biliyoyin naira, su kuma suka ja da baya, aka canja gwamnati a 2015, shirin ya bi sahun magabatansa.

Buhu 2 ɗin ma a duba shi. Shawarar da masana aikin gona suka daɗe suna ba mai noman masara a irin ƙasarmu ita ce kadada guda tana son wajen kilo 120 na sinadarin naitrojin, da kilo 60 na fosfaras, da kilo 60 na fotash. In aka mayar da wannan zuwa buhu mai kilo 50, zai kama buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15, da kusan buhu 3 na yuriya. Buhu 11 ke nan ake nema, aka ba da 2, aka kuma buga ganga. A watan Yuni na 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa a kadada daga kilo 8 zuwa kilo 50 kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce, Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta cika alkawarin ba.

Amma babban laifin da muke tuhumar wannan tallafi da shi bai tsaya ga ƙaranci ko sata ba. Laifin shi ne bai san kalandar damina ba. A ƙasar Yola ruwa kan fara sauka a Afrilu ko Mayu, shuka ta kankama daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ruwa ya ɗauke a Oktoba. Masara tana son kamfa a makonni biyun farko bayan ta tsiro, tana son yuriya tsakanin mako na 4 da na 6, kafin ta yi bunni. Ba ta jiran a sa hannu a kasafin kuɗi, ba ta jiran mai girma ya dawo daga tafiya ya yanke kyalle. Ga misali a rubuce: kasafin kuɗin tarayya na 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 kuwa sai a watan Yuni. Daga sa hannu zuwa sakin kuɗi, zuwa ba da kwangila, zuwa lodi, zuwa bikin ƙaddamarwa, zuwa rabo ga ƙananan hukumomi, zuwa ga kansila, zuwa ga jauro, masara ta riga ta yi goyo ko ta yi ja ta tsaya. Takin da ya iso a Agusta ihu ne bayan hari. Sa'an nan sai ka ji wani a ofis mai sanyi yana cewa ai manoman nan ba su da godiya, in an ba su taki sayarwa suke yi. To me zai yi da shi? Ya ajiye yuriya a ɗakin da ke yoyo ta narke kafin baɗi? Mutumin da ya sayar da takin Agusta ya sayi tiyar masara don yara, a lokacin da rumbu ya ƙare sabon amfani bai nuna ba, ya fi mai zaginsa sanin tattalin arziki.

Kuma ai ba zama ya yi yana jira ba. Tun a Yuni ya je wurin mai kuɗin unguwa ya karɓi taki a kan ba-da-kaka, wato a ba shi buhu yanzu, da kaka ya biya da amfanin gona a farashin da mai kuɗin ya ga dama, daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Abin takaici, ba mamaki buhun da aka ba shi bashin yana ɗauke da tambarin gwamnati, na rabon bara ne da ya ɓace a hanya. Rijiya ta bayar, guga ya hana, sa'an nan gugan ya dawo yana sayar da ruwan.

A ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance ta hannun Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. Kuɗin da aka fitar a ƙarƙashinsa sun haura naira tiriliyan 1. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja aka yi biki. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 ne kawai na rancen aka biya, Babban Banki ya musa ya ce kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, kusan rabi ko fiye bai dawo ba, nan take kuma aka ɗora wa "manoma" laifi, kamar dukansu uwa ɗaya ta haife su. Muna tambaya: wane manomin? Wanda ambaliyar 2022 ta shafe masa shinkafa a bakin Binuwai bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, alhali madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a ƙasar Fufore don tare wannan ruwa tun shekarun 1980 tana nan a takarda? Ko kuwa wanda aka rubuta sunansa a ƙungiyar da aka kafa da daddare, ya karɓi kaso a matsayin ladan siyasa? A haɗa waɗannan biyu a kira su da suna ɗaya zalunci ne, kuma hanya ce ta ɓoye na biyun a bayan na farko.

Haka shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, wanda ya yanka wa buhun kamfa farashin naira 5,500. Ya farfaɗo da masana'antun haɗa taki da dama, wannan ba a musu. Sai dai manomin Adamawa ya gamu da wani shingen da na Kebbi bai sani ba, domin a shekarun yaƙin Boko Haram hukumomin tsaro sun taƙaita shigo da yuriya Arewa maso Gabas saboda ana haɗa bam da ita. Dalilin abin fahimta ne, amma tsadar da ta biyo baya a wuyan manomi ta sauka, ba wanda ya rage masa. Yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya ƙara wa taki tsada a duniya. A watan Maris na shekarar aka buɗe masana'antar Dangote a Legas, mai ƙarfin yin tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ga ta Indorama a jihar Ribas, Nijeriya ta zama mai sayar wa ƙasashen waje yuriya, amma a 2024 buhu ya haura naira 30,000 a kasuwanninmu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, mai noman rani a Tafkin Geriyo da ke ba injin ban-ruwa fetur ya ga lita ta ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Wata biyu bayan haka, ranar 30 ga Yuli, jama'a suka fasa rumbunan ajiyar gwamnati a Yola har aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ba mu goyon bayan wawaso, amma wanda ya ƙi karanta abin da ke rubuce a wannan rana bai iya karatu ba. A Yulin 2024 kuma aka ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150, farashin hatsi ya faɗi, na taki bai faɗi ba, har a 2025 manoman Arewa suka yi ta kukan cewa buhun masara ba ya sayen buhun taki. An tallafi mai ci, an saki mai nomawa.

Akwai masu cewa tun da abin ya ƙi gyaruwa, a soke shi a bar kasuwa ta yi halinta. Wannan karatu mun san inda aka koyo shi, shi ne na shirin gyaran tattalin arziki na 1986, kuma an gwada shi a kan taki a 1997 an ga sakamako. Masu ba mu wannan shawara ba sa aiki da ita a gidajensu. Amurka tana biyan manomanta biliyoyin daloli, Tarayyar Turai tana kashe kusan sulusin kasafinta a kan noma da karkara. A 2003, a taron ciniki na duniya a Kankun ta ƙasar Meziko, ƙasashen Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai kukan yadda tallafin da Amurka ke ba masu noman audugarta ke karya farashi yana talauta manomansu. In mai ƙoshi yana tallafa wa nasa, don me za a ce mai yunwa ya saki nasa? Ba ma sai an je Turai ba. A bi Binuwai a haura zuwa Garwa, inda kamfanin auduga na Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, yake ba ƙungiyoyin manoma taki da iri bashi kafin shuka, ya cire kuɗinsa ranar awon auduga. Su ma suna da nasu koke-koken, amma sun gane abu guda: kayan noma kafin ruwa suke isa, kuma ƙungiyar ƙauye ta san wanda ke da gona da wanda ba shi da ita. Ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, har harshe ɗaya.

Abin da muke nema bai kai girman dalar shinkafa ba. Taki ya sauka a mazaɓa kafin ƙarshen Afrilu, in ya wuce haka a kira shi da wani suna, kada a ce tallafin damina. A daina bikin ƙaddamarwa, kuɗin rumfa da kujeru da man jerin gwanon motoci a ƙara buhu da su. Sunayen waɗanda za su amfana, da adadin buhun kowa, da farashin, a liƙa su a ƙofar jauro da masallaci da coci da makarantar firamare, a kuma karanta su a gidajen rediyon Yola da Hausa da Fillanci, domin mutanen Yolde Kohi sun san junansu, sun san mai gona da mai aron gona da wanda rabonsa da ƙauyen tun ranar zaɓe. Manomin biro ba ya tsoron kwamiti, ba ya tsoron kwamfuta, domin ya san yadda ake shiga da fita a cikinsu. Abin da yake tsoro shi ne a karanta sunansa da ƙarfi a gaban maƙwabta. A rubuta mace da sunanta, mai haya da sunansa, kada a ce sai mai takardar mallakar fili. A kuma dawo da malamin gona, wanda a da yake zagaya ƙauyuka a kan babur yana nuna yadda ake tona rami a binne taki a gefen shuka maimakon a watsa shi rana ta sha rabi, ruwa ya tafi da rabi.

Ku kuma ɗalibanmu, yawancinku da kuɗin masara da gyaɗa da shinkafa aka biya muku rajista, kuma da yawanku gona kuke komawa in an yi hutu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba ofishin kwana 7 ya amsa, a 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi. Kowannenku ya iya rubuta wasiƙa, mu muka koya muku. Ku rubuta wa sashen gona na ƙaramar hukumarku ku tambaya: buhu nawa aka ware wa mazaɓarmu a daminar da ta wuce, ran nawa ga wane wata ya iso, su wa suka karɓa? In an amsa, ku kai takardar gindin bishiyar da dattawa ke zama ku karanta musu. In an ƙi amsawa, ku riƙe kwafin wasiƙar da ranar da kuka miƙa ta, ku kawo wa editocin wannan mujalla kafin fitowa ta gaba.